Hoce, Fura da Tafiyar Ƙasa

A Ƙaura Namoda ta ƙuruciyata ba a san wani abu wai shi rage ƙiba ba. In mutum ya ajiye tumbi cewa ake yi ya samu duniya, kuma masu tumbin 'yan ƙalilan ne: dillalan gyaɗa da auduga, sai wasu manyan ma'aikatan tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo ya iso a 1929 ya tsaya. Mu sauran duk siƙau muke kamar karan dawa.

Gero da dawa su suka raine mu. Da safe kunun tsamiya ko ɗumame, da dare tuwon dawa miyar kuka wadda ta ji daddawa. Rana kuwa ta fura ce, kuma kafin a sha sai an yi gumi. Inna da yayyena mata su surfa gero, su wanke, su daka shi da citta da kanumfari, su tankaɗe, su cura, su jefa a tafasasshen ruwa, su kwashe da zafinsa su kirɓa a turmi har ya yi danƙo, sannan a sake curawa a birkiɗa cikin gari. A dama da nonon da Fulani suka shigo da shi da hantsi. Sukari ba ya shiga ƙwaryar nan sai an yi baƙo. In ta ga na zarme da ludayi, sai Inna ta ce, "Tashi hakanan, ka bar ma ruwa wuri."

Ga hoce, wanda Bazamfare ba ya wasa da shi. Ka ci biyu da ƙuli ka kora da ruwa, sai la'asar. Damina na sauka ganye ya wadata, a yi kwaɗon zogale, rama, tafasa da yaɗiya. Nama sai sallah, ko ranar Alhamis in Baba ya dawo daga kasuwar Shinkafi da ɗan ƙunshi a hannu. Shinkafa abincin biki ce. In an ba da hutu aka kai ni Zurmi wurin Gwaggo, yini muke a bakin gulbin Bunsuru, alewarmu goruba da magarya da kanya. Gona da ƙafa, makaranta da ƙafa, ɗibar ruwa da ƙafa.

Ba wai aljanna muke ciki ba. A watan Agusta rumbu kan yi ƙasa, kuma wata ramar da muke gani ta yunwa ce.

Yau ina zaune a ofis, mota ta kai ni ta dawo da ni, kwanona shinkafa da taliya, ga lemo mai sanyi a gefe. Robar lemo ɗaya mai rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50, kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a yini guda. Ba mamaki ciwon suga da hawan jini sun zama hirar tsarana a wurin ɗaurin aure. Kasuwa kuma ta samu abin sayarwa. Wannan na tallar shayin rage tumbi, wanda yawancinsa gudawa yake sawa, ruwan jiki ya fita kitse na nan daram. Wancan na sayar wa 'yan mata sha-ka-fashe, jiki ya kumbura a ce ƙiba ce.

Da likita ya auna ni, bai hana ni tuwo ba. Ya ce, "Alhaji, malmala uku ta koma biyu, miya da ganye su fi yawa, a rage gishiri da dunƙule, a yi tafiyar rabin awa kullum." Ya ce in rabin kilo na sauka a mako ya wadatar, wanda ya ƙuntata wa kansa da yunwa kuwa bayan wata biyu zai rama har da riba. Ya kuma ja kunnena kan fura: wanda ya yini a kujera ba zai sha ƙwaryar mai huɗa ba, balle ya zuba mata sukari. Na ga gaskiyarsa, don ita furar ba ta canja ba, aikin da ke cinye ta ne muka bari. Har Majalisar Ɗinkin Duniya sai da ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, abincin da muka riƙa jin kunyar ba baƙo.

Abin da ke ci mini rai shi ne halin da gida ke ciki. 'Yan bindiga sun raba mutane da gonakinsu, kuma a 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara a Shinkafi da Zurmi ta tarar ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar na fama da tamowa. Shi ya sa in na kira 'yan uwa a Zurmi ba na ɗauko zancen tumbina. Kuɗin tiyar gero nake tambaya, da ko an samu shiga gona bana.