Fitila a Bayan Tsohuwar Motar Soja

Ekklisiyarmu ta sayi tsohuwar motar soja a gwanjo, domin kai marasa lafiya asibiti da kuma fita wa'azi ƙauyuka. Muka so a sa mata lasifika, da fitila a baya, gama bai kyautu a ɗauki mace mai naƙuda cikin duhu ba. Amma wutar motar bolt 24 ce, wato batir biyu masu bolt 12 a haɗe. Kayan kasuwa kuwa yawancinsu na bolt 12 ne. In an haɗa su kai tsaye, nan take za su ƙone.

Waɗansu 'yan'uwa suka ce a ja wuta daga batir ɗaya kawai, ya fi araha. Makanikin da ke cikinmu ya ƙi sam. Ya ce batirin nan zai riƙa raunana, ɗayan kuma ya sha caji fiye da kima, har duka biyu su lalace, watakila a tsakiyar daji da mara lafiya a ciki.

Sai muka nemo ƙwan fitila na bolt 24, lasifikar kuma aka saya mata na'urar rage wuta. Kowace waya ya sa mata fis kusa da batir, inda ta ratsa ƙarfe kuma ya naɗe ta da roba, kada girgizar hanya ta cinye ta. Asabar biyu aikin ya ci mana.