Tela Da Akwatin Wasa

Sayen abin da mutum ya sani ba wuya. Manomi ba ya bukatar mai gaya masa garmar kirki, da ya ɗaga ta ya sani. Wuyar tana wajen kayan zamani, waɗanda suna ya ke sayar da su. Cikin irin waɗannan akwai akwatin wasa da a ke haɗawa da talabijin, wanda yara ke kira gem.

Manyan kamfanoni uku ke takara a kansa. Sony na ƙasar Japan ya fito da PlayStation a 1994. Microsoft na Amurka ya biyo da Xbox a 2001. Na ukunsu, Nintendo, shi ne dattijonsu, gama tun 1889 aka kafa shi a birnin Kyoto, yana buga karta. Faifan wannan ba ya shiga akwatin wancan. Saboda haka wanda ya sayi ɗaya ya ɗaure kansa ga gida guda ke nan.

A Boɗinga akwai wani tela da wannan zaɓi ya hana barci. Yana da ɗa mai shekara goma sha uku, wanda ya kan sulale bayan lisha zuwa gidan gem a bakin tasha, ba ya komowa sai dare ya raba. An yi faɗa, an yi bulala, duk a banza. Daga bisani uban ya ce masa, "In ka sauke Alƙur'ani, ka kuma bar yawon dare, ni zan saya maka naka a gida." Yaro ya riƙe magana, ya sauke. Alkawari kuwa kaya ne. Tela ya tara kuɗin ɗinkin Babbar Salla, ya tambayi yaro wanne ya ke so. Yaro ya ce PS5, watau na biyar a jerin PlayStation, wanda ya fito a watan Nuwamba na 2020. Da tela ya ji kuɗinsa a kasuwar Sakkwato, sai ya ga in ya saya, ba abin da zai rage na yadi da zare, balle na hatsi.

Ran Jumma'a ya ɗauki yaron, suka hau mota suka bi hanyar Tambuwal zuwa Shagari, inda wansa ke gyaran rediyo da waya. Bayan sun gaisa, an kawo fura, tela ya ce, "Yaya, shawara na kawo. Ba na so in zama maƙaryaci a idon yaron nan, ba na kuma so in kashe jarina."

Wan ya dubi yaro ya ce, "Ɗana, ba zan zaɓa maka ba. Tambaya huɗu zan yi, kai ka ba da amsa. Ta farko, sa'a nawa wuta ke zama a gidanku?"

Yaro ya ce, "Ba ta da tabbas, Baffa."

Ya ce, "To, PS5 yana cin wajen wat 200 sa'ad da a ke wasa, ban da na talabijin. In ba wuta sai janareta, mai kuwa tun da aka janye tallafinsa a watan Mayu na 2023 ya zama abin aunawa da cokali. Man da za ka ƙone kana buga ƙwallo, shi ne wanda ubanka ke juya keken surfani da shi. Akwai Switch na Nintendo, na 2017, wanda ba ya cin ko wat 20, yana da batir da allonsa, a kan riƙe shi a hannu."

Tela ya ce ai shi ke nan, a sayi wannan. Wan ya ce, "Dakata tukuna. Tambaya ta biyu, a unguwarku wa ke da irinsa?" Yaro ya ƙirga abokansa, duk mai akwati PlayStation gare shi. Wan ya ce, "Ka gani? Faifan wasa tsada gare shi. Inda ku ke da iri ɗaya, ka ara, a ara maka, faifai biyu su yi muku aikin goma. Mai iri dabam kuwa shi kaɗai zai yi ta saye."

Ta uku a kan intanet ce. Ya ce akwai Xbox ƙarami, Series S, wanda ya fi PS5 araha, amma ba shi da bakin faifai ko kaɗan. Kowane wasa sai an sauko da shi ta intanet, wasan ƙwallo guda kuwa ya kan cinye gigabait gommai. Ga mai intanet a gida ciniki ne mai kyau. Ga mai sayen data kaɗan kaɗan a waya, araha ce wadda ba ta ado.

Ta huɗu ita ce gyara. Zafin bazara a ƙasar Sakkwato ya kan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu mai toshe fankar akwati. Abin riƙewa a hannu shi ya fi saurin lalacewa. Ya ce, "Tsohon akwati ya yi yawa a gari, kayan gyaransa ma haka. PS4 ya fito tun 2013, masu gyara sun san cikinsa. Wasan ƙwallon nan da ku ke kira FIFA, wanda aka sāke wa suna EA Sports FC a 2023, har wanda aka fitar a 2024 yana hawa kansa."

Yaro ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Amma Baffa, na biyar ya fi kyan hoto." Baffan ya ce, "Gaskiyarka, ya fi. Sai dai kyan nan ba ya fita sosai sai a babbar talabijin ta zamani, irin wadda babu a gidanku." Tela ya ce, "Alkawari na yi maka, kai ke da zaɓi. In ka ce na biyar, zan saya, ko da zan ci bashin yadi." Aka yi shiru. Can yaro ya ce, "Baba, a sayi na huɗun, amma da hannu biyu, don mu riƙa yi da ƙanena."

Ran Asabar suka shiga Sakkwato. Telan nan da girmansa ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ran nan kuwa ya ci ribar karatunsa. Ya juya akwatin, ya karanta lambar da ke jikinsa, ya gwada ta da wadda aka rubuta a rasit. Ya sa aka kunna shi, aka yi wasa rabin sa'a a gabansa, yana sauraron ƙarar fanka. Ya sa mai kanti ya rubuta kwanakin da za a iya komo da shi in ya ba da matsala, ya sa hannu. Da sauran kuɗin ya sayi yadi da buhun gero.

A gida aka kafa doka: ba wasa sai an yi aikin makaranta, in an kira salla a ajiye hannu, ba a tada janareta don gem. Yaron bai manta da na biyar ba, ya kan tsaya ya dube shi in sun shiga birni. Amma bayan lisha a gida a ke samunsa, abokansa ne ma ke zuwa zaure.

To, mai karatu, in irin wannan zaɓi ya same ka, ko akwatin wasa ne, ko waya, ko injin ban ruwa, tambayi kanka abin da zai ci kullum, da wanda zai gyara shi, da irin wanda maƙwabta ke da shi. Sa'an nan ka juya bayansa ka karanta da kanka kafin ka ƙirga kuɗi.