Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Autata ce ta jawo mini wannan aiki. Wata rana da yamma ina zaune a ƙofar ɗaki ina jiran kiran magariba, ta zo ta kanga mini wayar yayanta a fuska. "Baba, wannan za ka saya mini." Na duba, sai ga wata halitta fara mai ɗan ja-ja, kamar ƙadangaren da ya kwana a ruwa, da wasu gashi-gashi uku a kowane gefen kai, bakin nan kamar tana murmushi. A wasan Minecraft suka fara ganinta. Sunanta axolotl, sunan da har yau harshena ke tuntuɓe da shi.

Da na bincika sai na tarar ƴar ƙasar Meziko ce, kuma ba ta rage a ko'ina da kanta ba sai a magudanan ruwan Xochimilco, kudu da babban birnin ƙasar. In ƙafarta ta guntule wata ke tsirowa. Har hotonta suka buga a takardar kuɗinsu ta peso 50 a 2021. Abin da ya kashe maganar shi ne irin ruwan da take so, mai sanyi, digiri 16 zuwa 18. Na yi dariya har da riƙe ciki. A Yola, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, ko ruwan randa sai an lallaɓa shi kafin ya shiga maƙogwaro, balle a ce baƙuwa daga Meziko.

Don in share mata hawaye na ce zan kawo mata ɗan gida. Na yanke wani tsohon tankin roba gida biyu, na girka rabi a bayan gidanmu da ke Shagari Low Cost, gefen bishiyar darbejiya, na sayo ƴaƴan tarwada 30 masu tsawon yatsa. Watan Nuwamba ne. A cikinsu akwai wani mai guntulallen gashin baki ɗaya, ta raɗa masa suna Guntu. Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta leƙa ta gaishe shi, kuma ta rantse yana gane ta.

Duk tsawon hunturu abin ya yi kyau, ni kuma kaina ya fara girma. Baƙo ba ya zuwa gidana ya tafi ban zagaya da shi baya ba. Ina watsa musu abinci kamar mai rabon sadaka, safe da rana da dare, don ina son ganin yadda suke wawaso suna fantsama ruwa. Suna girma, tankin yana nan yadda yake. Da zafi ya fara shigowa a ƙarshen Fabrairu wuta ta yi wuya, ruwan burtsatsen da muke ja ya zama na lissafi, ƴan ga-ruwa kuma suka ƙara wa kura kuɗi. Sai na fara jinkirta canjin ruwa, daga kwana uku zuwa mako, daga mako zuwa sai na tuna. Ina da hujjata: ai tarwada ce, kifin da ake tonowa a taɓo in fadama ta ƙafe. Kuma gaskiya ne Allah ya yi mata wani abu a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da shi. Wannan rabin sanin shi ya cuce ni, domin kifin da ba ya saurin mutuwa ba ya saurin nuna maka yana wahala.

Wata asuba na dawo daga masallaci na haska tocila a tankin. Ba motsi. Kifayen sun miƙe tsaye a cikin ruwa kamar an jera turaku, kai a sama, wutsiya a ƙasa, gashin bakinsu ya leƙo waje. Abincin daren jiya yana nan a saman ruwa, ya kumbura ya yi laushi, ga wata kumfa mai yauƙi ta taru a gefe. Biyu sun juya farin ciki sama. Na nemo Guntu, na same shi a lungu, bakin gashinsa ya yi fari kamar an tsoma a toka, ga wani jan gyambo a gefen cikinsa mai faɗin ƙwayar gyaɗa. Wari kuwa na ji shi, amma na ɗauka kwatar maƙwabta ce.

Abin da na aikata daga nan shi ya sa nake wannan rubutu. Na tuna na taɓa ganin yarinyar tana jefa musu ɓarɓashin tuwo. Ban tsaya tunani ba na taso ta daga barci, na rufe ta da faɗa a gaban yayyenta, na ce ita ta kashe su. Ba ta ce komai ba. Ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta ba ta karya ba. Da na gama da ita na koma kan wanda ya sayar mini da irin, na ce marasa lafiya ya ba ni. Har wani baƙo da ya yi ta yaba su bai ce tubarkalla ba sai da na saka shi a lissafi.

Sai magani. Kowa na tambaya da nasa: wani ya ce in farke kafso ja da yalo in zuba, wani ya ce ruwan shuwaka. Na yi duka biyun. Da na ga ba sauƙi, na kwashe kifayen a baho, na zubar da ruwan kaf, na dirje tankin da garin sabulu har yana ƙyalli, na cika shi da ruwan tankin sama da tsakar rana, ruwan da in ka sa hannu sai ka janye. Na kwanta ina jin na yi aikin kirki. Da gari ya waye na kwashe gawa 7.

Ɗan maƙwabcina da ke karatun kiwon kifi a Jami'ar Modibbo Adama shi ya cece ni, yaron da a gabana aka yi masa suna. Uwargida ce ta aika a kira shi, don ni girman kai ba zai bar ni ba. Da ya zo bai ko dubi kifin ba. Ya tsoma hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo ruwan ƙasa ya sunsuna, sannan ya ɗiga wani magani a ƴar kwalba. Ruwan ya tashi daga rawaya ya koma kore shar.

"Bappa, ka yi haƙuri," in ji shi, "ba kifin ne ke ciwo ba. Ruwan ne."

Ya zaunar da ni kamar ɗalibi. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta mashaƙarsa, kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma suna ƙara ta. Ita ce ke ƙona masa mashaƙa da fata, gyambo kuma ya samu ƙofa. In ruwa ya yi zafi dafinta ƙaruwa yake, iskar da ruwan ke riƙewa kuma ta ragu: kusan miligiram 9 a lita a digiri 20, amma 7 da rabi a digiri 30. A jikin tanki akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, wannan santsin da nake ƙyama, su ke juya amoniya ta zama naitirait, sannan naitiret da ba ta da cutarwa sosai. Sukan ɗauki makonni huɗu zuwa shida kafin su kafu. Kafson da na zuba da sabulun da na dirza sun gama da su a yini ɗaya.

Na tambaye shi batun tuwo. Ya yi murmushi ya ce ɓarɓashin yarinya bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da nake zubawa ba. Uwargida tana daga bakin kicin ta ce, "Laifi tudu ne, Malam." Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma buƙatar ƙarasawa.

Maganin da ya ba ni ba na saye ba ne, na wahala ne. Kwana uku ba abinci. Kullum da sassafe in zuƙe dattin ƙasa da tiyo, in rage sulusin ruwan, in mayar da wanda ya kwana a inuwa. Ɗan gishiri da awo, don yana rage cutarwar naitirait. Zana a sama saboda rana. Guntu kuma aka ware shi a baho shi kaɗai. Sati biyu ina jan bokiti kafin in tafi aiki, bayana yana ƙara. A kwana na biyar Guntu ya karɓi ƙwayar abinci ɗaya. A na goma gefen gyambon ya fara haɗewa.

Jan bokiti ya fi mini sauƙi a kan abin da ya rage. A gidan da na tashi uba ba ya ba ɗa haƙuri, sai dai ya sayo masa tsire a wuce wurin. Na gwada tsiren, Auta ta ci ta yi godiya, amma ta daina zuwa bayan gida. Ranar nan na kira ta bakin bahon na ce, "Auta, ba ke kika kashe su ba, ni ne. Ki yafe wa Babanki." Ta dube ni, ta dubi kifin, ta ce, "To a bar ni ni zan riƙa auna abincin." Na miƙa mata murfin kwalbar da yaron ya ce shi ne ma'auni.

Daga baya na sake komawa kan labarin axolotl ɗin nan, na ga ita ma a can gidansu gurɓatar ruwa ce ke ƙarar da ita, tare da baƙin kifayen da aka zuba mata, ciki har da karfasa irin tamu ta Afirka, masu cinye mata ƙwai da ƴaƴa. Na gode Allah da ban samu hanyar sayenta ba, da ko kwana uku ba za ta yi a hannuna ba.

Cikin 30, guda 11 suka tsira. Goma sun shiga farfesu da Ƙaramar Sallah. Guntu yana nan da tabonsa, ya kai tsawon damtsena, kuma ba mai ikon taɓa shi a gidan nan. Ruwansa duk bayan kwana uku ake canzawa, ko da wuta ko babu, kuma Auta ce ke riƙe da lissafin a bayan littafinta na makaranta.