Fitilar da Kuɗin Adashin Mma Suka Saya

Da yawa daga cikin samarinmu na nan Bronx, idan suka gan ni ina jan jakunkuna a wurin biki, sukan tare ni da tambaya ɗaya: wace fitilar hoto zan saya, Profoto ko Godox? Nakan ce musu amsar ba ta tsaye a ƙofar masallaci ba ce. To yau ga ta a zaune.

A nan aka haife ni, iyayena kuwa daga zangon Kumasi suka zo. Na fara sana'ar hoto da fitilu biyu masu arha da na saya ta intanet, irin waɗanda ake jonawa da wutar bango. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Sun yi mini aiki a kan hotunan fasfo da na 'yan makaranta, har na fara jin kaina. A bazarar 2019 sai aka ba ni auren 'yar wata aminiyar mahaifiyata, awure kamar yadda mu 'yan zango muke faɗa. Da na zauna gaban kwamfuta washegari, gabana ya faɗi. Farar shaddar ango a wannan hoto ta yi ja-ja, a na gaba ta yi shuɗi-shuɗi, alhali wuri ɗaya yake tsaye. Fuskar amarya ta yi fari-fari a goshi da kumatu kamar an barbaɗa mata toka. Mafi muni, lokacin da uwarta ta rungume ta tana kuka, na danna, fitilar ba ta gama cika ba. Hoton ya fito baƙi ƙirin.

Uwar amarya ba ta ce mini komai ba. Mma ta kira. Wanda ya san yadda muke zaune a nan ya san cewa magana ɗaya a tsakanin iyayenmu mata ta isa ta rufe wa mutum sana'a daga Bronx har Newark.

Bayan mako biyu Mma ta kira ni ɗaki ta miƙo mini ambulan. Kwasar adashinta ce, dala 2,000. Ta ce, "Ka je ka sayi abin da ba zai sake ba ni kunya ba. Amma zubin da ya rage kai za ka ƙarasa." Na ce, "To Mma, Allah ya saka da alheri." Wallahi hannuna rawa yake yi.

Kuɗin da ba naka ba yana sa mutum natsuwa. Maimakon in ruga shago, sai na ɗauko hayar fitilu biyu a Manhattan, na kuma ari ta uku wurin wani abokina. Na farko Profoto B10, ta kamfanin Suwidin da aka kafa a Stockholm a 1968. Ta fito a 2018, ƙarfinta wat-sakan 250, nauyinta kilo ɗaya da rabi, batir a jikinta. Na biyu Godox AD600 Pro, daga Shenzhen ta ƙasar Sin, wat-sakan 600, ita ma da batir, amma nauyinta ya kusa ninka na B10. Na uku Einstein E640 ta kamfanin Paul C. Buff da ke Nashville, wat-sakan 640, wadda take son wutar bango ko kuma batir na daban da ake rataya mata. A lokacin B10 guda ɗaya tana kusan dala 1,600, AD600 Pro wajen 900, Einstein kuwa wajen 500.

Falonmu ya zama situdiyo. Na zaunar da ƙanwata, wadda ta fi kowa duhun fata a gidan, na yafa mata farar babbar rigar Baba a kafaɗa ɗaya, leshi mai ruwan gwal a ɗayar. Wannan shi ne jarrabawar da ta dace da mu, domin duk bikinmu haka yake: baƙar fata, fararen kaya, da ƙyalli. Kowace fitila na harba ta sau talatin a cikakken ƙarfi, sau talatin a rabi, sau talatin a ƙasa sosai. Ƙanwata ta ce sai na biya ta kuɗin idonta.

A nan na fahimci abin da ya same ni a wancan aure. Fitilu irin na da, idan ka rage musu ƙarfi, wutar da ke cikin ma'ajiyarsu suke ragewa, sai hasken ya karkata zuwa ja. Na zamani kuwa yanke hasken suke yi tun bai ƙare ba, kuma idan ba a gyara ba wannan yakan karkata zuwa shuɗi. Ni kuma ina ta murɗa ƙarfi sama da ƙasa duk daren, ga fitilun zauren bikin masu ruwan ɗorawa suna cakuɗuwa da nawa. Hasken rana yana wajen 5,500 a ma'aunin Kelvin, ƙwan zaure kuwa yakan sauko kusa da 3,000. Farar shadda ba ta ɓoye irin wannan bambanci. Duka fitilu ukun da na gwada suna riƙe launinsu: Einstein da AD600 Pro kowace tana da saiti na musamman don haka, B10 kuwa ban ma nemi wani saiti ba. Da na jera hotunan a allo, ban iya rantsuwa wace ta ɗauki wane ba.

Maganar ƙarfi ma akwai ruɗi a cikinta. Mutum ya ji 600 da 250 sai ya ɗauka sama da ƙasa ne. A hoto, sai ka ninka ƙarfi sau biyu kafin ka sami mataki ɗaya na haske, saboda haka tazarar da ke tsakaninsu mataki ɗaya ne da 'yan kai. Amfanin babbar a wurina shi ne ba sai na ƙure ta ba. Idan tana aiki a kashi ɗaya cikin huɗu, kafin in ɗaga yatsa ta cika. Ko a cikakken ƙarfi AD600 Pro ba ta kai daƙiƙa ɗaya, B10 kuwa takan ɗauki wajen biyu. Daƙiƙa biyu ba komai ba ne ga mai ɗaukar hoton kwalbar turare. Ga mai jiran uwa ta rungumi 'yarta, ni na san abin da suke nufi.

Amma abin da ya gyara fuskar ƙanwata ba ya cikin ko ɗaya daga cikin ukun. Baƙar fata tana nuna siffarta ne ta hanyar sheƙi, kamar madubi take mayar da hoton abin da ya haska ta. Idan hasken ƙarami ne kuma yana nesa, sai ya zauna a goshi kamar ɗigon farin fenti, shi ne tokar nan da na gani. Da na sa wa fitila babban akwatin haske mai faɗin kusan mita ɗaya da rabi, na matso da shi har yana neman shiga hoton, sai sheƙin ya bazu a hankali daga goshi zuwa kunci, launin fatarta na gaskiya ya fito, rigar Baba kuma ba ta ƙone ba, ana ganin zanen shaddar. Mma ta leƙo ta ce, "Yauwa, wannan ce 'yata." Dama matsalar tsohuwa ce. Wata malama a Kanada, Lorna Roth, ta rubuta a 2009 yadda aka daɗe ana daidaita launin fim da hoton farar mace, har sai da masu kayan katako da masu cakulan suka koka cewa launin ruwan ƙasa ba ya fita daidai. Kyamarorin yau sun wuce nan, amma har gobe yawancin darussan haske da ke YouTube da farar fuska ake yin su.

Akwatin hasken ne ya yanke hukunci. AD600 Pro tana amfani da bakin Bowens, wanda kamfanoni barkatai suke yi wa akwatuna da lemomi masu sauƙin kuɗi. Profoto nata bakin daban ne, kayanta kuma da tsada. Einstein ta burge ni ƙwarai, kuma da a ɗaki ɗaya nake aiki da ita zan ɗauka, sai dai zauren bikinmu yara ne ke guje-guje, mata na rawa ana liƙi, waya a ƙasa neman magana ne. Na sayi AD600 Pro ɗaya, da ƙaramar AD200 ta haska baya, da akwatin, da ƙafafu biyu, da buhunan yashi na danne su. A nan Amurka shagon Adorama yana sayar da su da sunan Flashpoint, kada sunan ya ruɗe ku, abu ɗaya ne. Na mayar wa Mma canjin dala ɗari da wani abu.

Kada wani ya ce na kushe Profoto. Ta fi daɗin riƙo, maɓallanta ko yaro zai gane, kuma idan na sami aikin kamfanin tufafi har yau ita nake haya, domin a can akwai masu duba sunan da ke jikin fitila kafin su dubi hoton. Duka kamfanonin sun fitar da sababbi tun daga lokacin, farashi ma ya canza, don haka ku duba da kanku.

Wata biyar da sayen, a watan Maris na 2020, korona ta rufe New York. Babu aure, babu taron suna, babu hoton Sallah. Zubin adashi kuwa bai tsaya ba. Da na bi son zuciyata na ƙara bashi na sayi Profoto biyu, ban san inda zan sa kaina ba. Da aikin kai abinci a keke na ƙarasa zubin.

A 2021 amaryar nan ta haihu. Uwarta ta kira Mma, ba ni ba, ta ce a turo yaron nan ya zo suna, amma ya zo da sabuwar fitilar. Na kafa akwatin a falonsu tun kafin liman ya iso. Da kakar ta karɓi jaririn, sanye da farin mayafi, na danna sau huɗu a jere kuma duka huɗun sun fito. Na uku ne yake rataye a bangonsu.