Editan da ya sallami janareta

A harkar fim kowa ya san jarumi da jaruma, amma ba kowa ya san edita ba, bawan Allahn da ke kwana a gaban kwamfuta ya na yanka ya na haɗawa har fim ya zama fim. Shi kam wuta ce jarin sa.

Akwai wani matashin edita a Kano wanda ɗakin zauren gidan sa ne situdiyon sa. Shekara da shekaru ƙaramin janareta ne ke riƙe da shi. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Furodusa kuwa ko kwabo bai ƙara masa ba, wai ai su ma abin ya shafe su. Kun dai san halin mutanen namu!

Sai gogan naka ya rufe ido ya sayar da babur ɗin sa, ya sa sola: faifai a kan rufi, da batir da imbata. Abokai su ka yi ta yi masa tsiya, wai ya koma ɗan sayyada. Amma a Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu, shi bai fasa miƙa shirin sa mai dogon zango ba, har masu tsiyar su ka dinga zuwa cajin waya.

Inda gizo ya yi saƙa shi ne ruwan zafi. Maiɗakin sa ta haihu da hunturu, ga wankan jego safe da yamma. Ranar farko da aka jona hita, nan take batir ya faɗi, kwamfuta ta mutu ana tsakar aiki. Hita ɗaya ta fi kwamfutar sa da fanka da fitilu duka jan wuta. Mai haɗa solar ya ce masa, "Yallaɓai, rana ai ba sai ta bi ta batir za ta dafa ruwa ba." Aka ɗora tanki mai bututun gilashi a saman rufi, rana na gasa ruwan kai-tsaye.

Sai dai fa in hazo ya yi yawa ruwan ɗumi kawai ya ke yi, dole a ƙarasa shi a kan gawayi, kuma duk bayan kwana biyu sai ya hau ya goge ƙurar faifan. Gwaggon da ta zo wankan ma da fari ƙi ta yi, wai ruwan da bai ga itace ba ba ya gasa maijego. Sai da ta tsoma hannu ta janye da sauri, sannan ta ce a miƙo mata ganyen darbejiya.