Kuɗin audugar gandu

Kakanninmu a ƙasar Bakori Maguzawa ne, kuma a wurinsu ba a samun komai daga iskoki a banza. Kafin shuka a yanka wa Uwar Gona zakara, in damina ta yi albarka a ƙara da bunsuru. Wanda ya yi ƙwauro, ranar da ciwo ya shiga gidansa kowa ya san dalili. Da masu bishara na ECWA suka riƙa zuwa daga Malumfashi, kakana ya yi baftisma, ya bar giya, amma magana ɗaya ta tsaya masa a rai: wai Allah na ƙaunar mutum tun kafin ya tuba, ba don baikonsa ko halinsa ba. Yakan ce, "Kyautar da ba tukuici ai bashi ce."

Bayan an buɗe shirin bunƙasa noma na Funtua a 1975, taki ya wadata, audugar gandunmu ta yi kyau ƙwarai. Aka tura Baffa, ƙanen mahaifina, ya kai ta fuloti. Ya karɓi kuɗin ya hau motar Ikko. A shekarar sai da aka sayar da awakin mahaifiyata kafin a biya haraji.

Ya dawo a zamanin mulkin soja na Buhari, ya rame, yana tari, kayansa duka a leda ɗaya. Dattawan ikilisiya suka sa shi a horo: bencin baya, ba cin jibin Ubangiji. Lahadin farko kakana ya shigo majami'a da sandarsa, ya wuce wurin zaman dattawa, ya je ya zauna kusa da shi. Haka ya yi ta yi har aka ɗage horon.

Mahaifina ya kasa haƙuri. "Baba, ɓarawo ne fa. Bai ma buɗe baki ya ce a yafe masa ba."

"Na sani," in ji tsohon. "Ni da na shekara hamsin ina zuba jini a gindin tsamiya, me na biya aka karɓe ni?"

Har yau in fasto ya ɗauko misalin ɗa ɓatacce a Luka sura 15, ina jin ana yi wa wan nasa rashin adalci. An cika mai da shi mai hassada, alhali shi ya yi noman, kamar mahaifina da awakin matarsa suka tafi. Mahaifina kuwa bai taɓa cewa ya gamsu ba. Shi ya kai Baffa asibitin Funtua a bayan kekensa, ya yanka masa gayauna a bakin fadama, suna cin tuwo a akushi ɗaya. Amma har ya rasu, da kansa yake kai auduga fuloti.