Baƙin ɗa a gidan masu launin rairayi

Duk wanda ya taɓa kwana a bayan garin Tamanrasset ya san ɓeran hamada: ƙarami, mai dara-daran idanu, gashinsa launin rairayi, mujiya ma sai ta yi da gaske ta hango shi. Mu ko kallo bai ishe mu ba, Turawa kuwa kiwon danginsa suke yi a ɗaka. Akwai mai kitse a jela, wanda Bafaranshe Fernand Lataste ya fara bayaninsa a 1880 daga Laghouat, nan Aljeriya. Amma wanda ya cika kejin yara ɗan Mongoliya ne, wanda Victor Schwentker ya kai Amurka a 1954 domin bincike.

Irin wannan yaran gidanmu ke kiwo, ni kuma na ɗaure musu gindi. Ba shi da wari sosai, da yashi yake wanka, namijin kuma yana taya macen reno. Na daji dai a bar shi a dajinsa, domin wasunsu na ɗauke da cutar gyambon fata da ƙudan rairayi ke yaɗawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne launi. Cikin ɓeran nan bai wuce kwana 24 zuwa 26 ba, don haka a shekara guda yaro zai ga kaka da jika. Uwa launin rairayi, uba launin rairayi, sai ga baƙin ɗa a tsakaninsu. Ba wani baƙon namiji da ya shiga kejin! Kowane ɗa yana karɓar ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ta launin rairayi tana danne ta baƙi, sai baƙin ya laɓe, har sai ranar da ɓoyayyu biyu suka haɗu. Idan iyayen duk suna ɗauke da ita, kowane ɗa yana da rabo ɗaya cikin huɗu na fitowa baƙi. Lissafin da Gregor Mendel ya fitar ke nan a 1866 da tsiron wake.

'Yan uwa, mata nawa aka ci mutuncinsu saboda sun haifi zabiya? A Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya zo wa Manzon Allah (SAW) da shakka don matarsa ta haifi baƙin yaro. Aka tambaye shi ko ana samun mai launin toka cikin jajayen raƙumansa. Ya amsa, ya ce wataƙila gadon kakanni ne. Aka nuna masa ɗansa ma haka ne.

Lissafin nan na Mendel shi ne dai na sikila. AS ya auri AS, dukansu lafiya ƙalau, amma kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama SS. A lura, kowane ciki na ce. Haihuwar mai sikila ɗaya ba ta kare ƙannensa uku. Nan ne manya da yawa ke ruɗewa, alhali 'yata da ke rubuta launin kowace haihuwar ɓerayenta a littafinta ta gane da kanta, tun da ta ga wata haihuwar ba baƙi ko ɗaya, ta gaba kuma har uku. Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure a 2024, na kuma yi murna. Sai dai saurayin da bai fahimci dalili ba zai nemi hanyar sayen takarda, ko ya tsallaka wata jihar a ɗaura.